Ƙa'idar Lokacin Saukar Jiragen Sama A Zamanin Yaƙi

Ya kamata hakimai da malamansu su san wannan, domin su fahimtar da maniyyata masu tashi daga filin jirgin sama na Dutse.

A filaye masu cunkoso, irin na Jidda da Landan, jirgi ba ya sauka sai a lokacin da aka yanka wa kamfaninsa. Ƙa'ida ita ce, kamfanin da bai yi amfani da kashi 80 cikin 100 na lokutansa ba, ya rasa su a zango mai zuwa. Amma in yaƙi ya sa aka rufe fili ko sararin samaniya, akan ɗauke masa wannan sharaɗi, gama ba laifinsa ba ne.

Misali, da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023, aka rufe samaniyarta, jiragen alhazanmu suka riƙa zagayawa, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin jirgi ya hau.

Saboda haka a gargaɗi maniyyata su hallara kan kari. Jirgin alhazai in lokacinsa ya wuce shi, sai ya jira hukumar Saudiyya ta yanka masa wani.