MA'ANAR ALAMAR TARAWA A FARKON LISSAFIN KWAMFUTA

A ofisoshin Kaduna, tun daga Sakatariya ta Titin Independence har zuwa Kawo, akawuna da yawa suna aikin albashi da haraji a jadawalin kwamfuta, watau Excel da ire-irensa. Sau da yawa sabon akawu yakan buɗe takardar da wani tsohon ma'aikaci ya bari, ya tarar an rubuta =+B2+B3. Sai hankalinsa ya tashi, yana tsammani kuskure ne. To, ba kuskure ba ne, ga kuwa dalili.

Jadawali gida-gida ne, kowane gida da sunansa, kamar B2 ko C7. A cikin 1979 aka fito da VisiCalc a Amurka, sa'an nan Lotus 1-2-3 ya biyo baya a cikin 1983. A waɗannan biyu, kadan mutum ya fara da harafi, na'ura takan ɗauka suna yake rubutawa, ba za ta yi lissafi ba. Saboda haka dole ya fara sa alamar tarawa, ya rubuta +B2+B3, domin ta gane lissafi ake nufi. Da Excel ya zo a cikin 1985, sai aka mai da alamar daidai, watau =, ita ce mabuɗin lissafi. Amma ba a hana tsohuwar hanya ba. Wanda ya buga +B2+B3, Excel da kansa zai ƙara masa = a gaba. Har yanzu waɗansu sun fi son haka, gama maɓallan lambobi na hannun dama suna da + amma galibi ba su da =.

Wannan alama ba ta ƙara kome, ba ta rage kome. Kadan B2 naira 500 ne, B3 kuwa 300, amsa 800 ce, ko da ita ko babu. Wanda ya share ta bai ɓata ba, wanda ya bar ta bai yi laifi ba. Amma alamar ɗebewa dabam take. Rubuta =-B2 yana mai da 500 ta zama -500, watau kuɗin shiga ya koma bashi. Lalle a duba sosai kafin a taɓa ta.

Akwai wuri guda inda alamar tarawa take jawo hasara, shi ne lambar waya. Lambobin Nijeriya suna farawa da +234, na Nijar da +227. Kadan akawu ya buga irin wannan lamba kai tsaye, na'ura takan ɗauke ta adadi ne, ta zubar da alamar, ta kuma taƙaita ta, a ga wani abu kamar 2.35E+12. Haka nan takan zubar da sifirin da ke farkon 080. In an aika da takarda a haka, mai fansho ko manomin da ke jiran taki yana iya rasa saƙonsa, alhali sunansa yana ciki.

Maganin wannan mai sauƙi ne. A fara buga waƙafin sama, watau ', sa'an nan lambar ta biyo. Na'ura za ta ajiye ta yadda aka rubuta, waƙafin kuwa ba zai fito a takarda ba. Ya kamata kowane shugaban ofis ya nuna wa akawunansa wannan tun ranar da suka kama aiki, gama rigakafi ya fi magani.