Me Ya Haɗa Burodin Mai Shayi da Yaƙin Yukiren?

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ke kalaci da shayi da burodi a makarantar nan ya san yadda abin ya koma: ko farashi ya tashi, ko burodin ya rame. Sau da yawa nakan ji ana ɗora wa mai shayi ko mai gidan burodi laifi. Ni kuwa, bayan abin da muka karanta a kan cinikin amfanin gona tsakanin ƙasashe, ina ganin tushen maganar yana can nesa da ƙofar makaranta.

Burodi, taliya, Indomie, gurasa da fanke duk daga fulawar alkama suke. Alkamar da muke ci a Najeriya kuwa, fiye da kashi 90 cikin ɗari daga waje ake kawo ta a jiragen ruwa, daga ƙasashe irin su Amurka, Kanada da Rasha. A tashoshin ruwa kamar Apapa ake sauke ta, manyan kamfanoni irin su Flour Mills of Nigeria su niƙa, sannan tireloli su kwaso fulawar zuwa Arewa.

To me ya sa ba ma noma isasshiya? Alkama tana son sanyi. Shi ya sa a wajenmu sai da rani ake shuka ta, wajen watan Nuwamba, ta ci moriyar hunturu, a girbe kafin zafin Maris da Afrilu. Ke nan dole sai da ban-ruwa, kamar yadda ake yi a Kadawa da Kura a Kano, da kwarin Haɗeja a Jigawa. Manomi ya yi lattin shuka kaɗan, zafi ya riske ta tana fidda kai, yabanya ta ragu. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama don a noma a gida, amma noman bai kai buƙata ba, bayan 'yan shekaru aka janye dokar.

Wanda ke cin abinci daga rumbun wani, duk abin da ya sami mai rumbun ya same shi. Kafin Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, ƙasashen biyu su ke fitar da sama da rubu'in alkamar da ake sayarwa a kasuwar duniya. Da jiragen hatsi suka maƙale a tashoshin Yukiren, farashi ya yi tashin gwauron zabi ko'ina, har ga wanda daga Kanada yake saye, tunda kasuwar ɗaya ce. A Yulin 2022 Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga tsakani aka buɗe hanya, sai dai Rasha ta fice daga yarjejeniyar a Yulin 2023.

Sai kuma batun dala, wanda a ganina shi ya fi yi mana illa. Da dala ake sayen alkama. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 ce. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Don haka ko alkama ta yi sauƙi a kasuwar duniya, buhun fulawa a nan ba zai sauko ba. Ƙara da kuɗin dizal, suga da man gyaɗa, ka ga inda mai gidan burodi ya tsaya.

Mu da muke karatun noma, injiniyanci da kasuwanci, nan aikinmu yake: irin alkama mai jure zafi, gyaran hanyoyin ban-ruwa, da gauraya garin rogo ko dawa a cikin fulawa don rage abin da ake shigowa da shi. Kafin nan, idan burodi ya ƙara kuɗi, ka fara duba farashin dala kafin ka yi wa mai shayi faɗa.