HUNTURU YA KAMA: YADDA FALKE ZAI TSARE KANSA, YARANSA DA DUKIYARSA

Ga shi kaka ta wuce, iskar gabas ta fara kaɗawa. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu lokacin ciniki ne, amma kuma lokacin da sanyi da hazo ke yi mana ɓarna a kan hanya. Ƙurar nan da muke gani galibinta daga Bodele take tasowa, wani tsohon gurbin tabki da ya ƙafe a arewacin Chadi, iska ta kwaso ta har bakin teku. Ba wanda ya isa ya tsayar da ita, sai dai mu yi shiri.

Mu fara da yaran da ke bin mota. Mu iyayen gida muna gaba tare da direba, gilas a rufe, su kuwa suna bisa tirela suna tada san da ya faɗi. Motar da ta yi lodi a Maigatari ran Alhamis, ko a Mai'aduwa da Illela ran Lahadi, sai ta kwana biyu ko uku kafin ta kai Ikko. Sanyin asuba in ya haɗu da iskar gudun mota, jiki ba ya ɗauka. Kafin a tashi a ba kowane yaro bargo, rigar sanyi, safa da rawanin rufe kunne da hanci. Riguna biyu ko uku a jere sun fi guda ɗaya mai kauri riƙe ɗumi. In ka ga yaro na karkarwa, harshensa ya yi nauyi, yana ta gyangyaɗi, to a tsaya nan take. A sauko da shi, a tuɓe masa duk abin da ya jiƙe, a lulluɓe shi, in yana cikin hankalinsa a ba shi shayi mai zaƙi. Kada a ba shi ƙwaya wai don ya jure, ba ta maganin sanyi, hankali kawai take gusarwa ya faɗo daga mota.

Sai maganar gawayi. Wata shekara a masauki, yarana biyu suka shiga ɗaki da kaskon wuta, suka rufe ƙofa da taga. Da asuba na buga, shiru. Da muka ɓalle ƙofar, ɗaya na amai, ɗaya ko motsi ba ya yi. Allah Ya yi da sauran kwanansu. Garwashi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a ganinta, mutum na barci ta kashe shi. A ji ɗumi a waje, a kashe wutar kafin a kwanta. Alamarta ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Wanda ta kama a fitar da shi sarari, a garzaya da shi asibiti.

Game da dabbobi, iskar hunturu na busar da jiki ko da ba a jin ƙishirwa. Shanu ba sa son ruwa mai sanyi da sassafe, a bari rana ta ɗaga a shayar da su sosai kafin lodi. A zuba yashi da tattaka a ƙasan mota. Ramammu da maruƙa kada a sa su gefen da iska ke bugawa, a kare gaban motar da tamfol amma a bar wurin shan iska. Ciwon huhu kuwa ta numfashi yake yaɗuwa, cunkoso a kara da cikin mota ke taimaka masa. San da ke tari, ya miƙe wuya, ya buɗe ƙafafun gaba yana nishi, kada arha ta ruɗe ka. Guda ɗaya ya isa ya lalata garke. A nemi shaidar allurar rigakafi tun kafin a biya la'ada.

In hazo ya rufe hanya, a bar direba ya rage gudu ya kunna fitila. In abin ya tsananta ya sauka daga kan kwalta gaba ɗaya ya jira. Kada mu matsa masa don mu cim ma kasuwa. Haka nan a nisanta wuta da sigari daga harawa da ciyawa.

Daga ƙarshe, wannan ƙurar ita ke share wa sanƙarau hanya. Manyanmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kashe dubban mutane a ƙasar Hausa. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sandarewar wuya, asibiti kawai, kada a kwana. In ana rigakafi a kai yara.

Jama'a, kuɗin bargo goma bai kai na maraƙi ɗaya ba, kuma yaran nan amana ce iyayensu suka ba mu, za a tambaye mu gobe ƙiyama. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya sa albarka a fataucinmu, amin.