Tsumma ba ya maye gurbin murfin lagireto

Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa da bazara ya san wannan abu. Ana cikin tafiya, tsakanin Galmi da Madawa ko a hanyar Damagaram, sai direba ya ratse gefe ya tsaya. Yaron mota ya diro da bidon ruwa. Tururi yana tashi daga gaban mota, fasinja suna neman inuwa, buhunan albasa suna gasuwa cikin rana. Sai ka ji an ce: «Inji ya yi zafi.» Sau da yawa, idan ka leƙa, za ka tarar an toshe bakin lagireto da tsumma, ko an ɗaure shi da leda. Murfin ya ɓace tun bara.

Ƴan uwa masu karatu, bari mu duba aikin wannan ɗan murfi.

Lagireto shi ne tankin nan mai ƙananan hanyoyi da ke gaban inji. Ruwa yana zagayawa cikin inji, ya kwaso zafi, ya zo lagireto iska ta fifita shi, sannan ya koma. Muddin ruwan bai tafasa ba, aiki yana tafiya daidai. Da zarar ya tafasa, sai ya zama tururi, tururi kuwa ba ya kwasar zafi kamar ruwa.

A buɗaɗɗiyar tukunya, ruwa yana tafasa idan zafinsa ya kai digiri 100. Injin mota yana aiki ne kusa da nan, wajen digiri 90. Tazarar kaɗan ce. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari yake wuce digiri 40, mota mai kaya da ke fama cikin rairayi ba ta daɗewa ta cinye wannan tazara. Amma idan aka rufe ruwa gam aka matse shi, ba ya tafasa da wuri. Murfi mai lafiya yana riƙe matsi, ruwan ya jure har wajen digiri 120. Wannan shi ne babban aikinsa. Tsumma yana hana ƙura shiga, amma ba ya riƙe matsi ko kaɗan.

Juya murfin ka dubi cikinsa. Za ka ga roba zagaye, da sifirin, watau ƙarfen nan mai lanƙwasa da yake dannuwa ya dawo, da wani ɗan faifai a tsakiya. Ƙofofi biyu ke nan. Idan matsi ya yi yawa, sifirin yakan ja baya, rarar ruwa ta bi siririn tiyo ta zuba cikin ƙaramin tankin roba da ke gefe. Idan inji ya huce, ɗan faifan yakan buɗe, ruwan ya dawo gidansa. In ka ga babban tiyon lagireto ya shafe bayan mota ta kwana, to ƙaramar ƙofar ce ta maƙale. A wasu motocin zamani, murfin mai riƙe matsi yana kan tankin roba ne, amma aikin ɗaya ne.

A bayan murfi akwai lamba, galibi 0,9 ko 1,1. Ita ce ma'aunin matsin da zai riƙe. Ga amfanin karatu: wanda ya iya karanta lambar ba za a sayar masa da abin da ba nasa ba. Mai ƙaramar lamba yana barin ruwa ya tafasa da wuri. Mai babbar lamba yana iya fasa tsohon tiyo ko ɗinkin lagireto. Ka tafi da tsohon murfin wurin mai shago, ka gwada shi da sabon, lamba da girma.

Kulawa da shi ba wuya. Da safe, kafin a tada mota, a buɗe a duba. Robar da ta tsage ko ta bushe ta yi tauri, ta gama aiki. Sifirin da ya yi tsatsa, ko wanda yake dannuwa ba ƙarfi, shi ma haka. Farin busasshen abu a gefen baki alama ce ta yoyo. A wanke murfin da ruwa mai tsabta, a goge bakin lagireto. Ruwan rijiya mai kanwa da ruwan tabki mai laka suna barin datti da ke toshe hanyoyi. Ruwan nan mai launi da ake sayarwa don lagireto ya fi, domin yana hana tsatsa. A ganina, rowar sayen murfi ita ce rowa mafi tsada a tasha: injin da ya sha zafi sau da yawa, kansa yakan lanƙwashe, sai an sauke shi a garaji, mota ta yi kwanaki ba kasuwa.

Saura maganar lafiyar jiki, kuma ita ce ta fi damuna, domin yaran mota ake turawa. Kada a buɗe murfi inji yana da zafi. Ruwan da ke ciki yana iya wuce digiri 100, matsi ne kawai ya riƙe shi. Ana buɗewa sai ya tafasa gaba ɗaya, ya yi tsalle ya watsu a fuska da hannu. A kashe mota, a jira aƙalla rabin awa. Sannan a ɗora tsumma mai kauri, a kau da fuska, a murɗa kaɗan. Idan an ji huci, a dakata har ya ƙare, kana a cire. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, ƙarfen yana iya tsagewa.

Idan tsautsayi ya faru mutum ya ƙone, a yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa man inji, ko man goge baki, ko ƙwai, ko toka. Kada a fasa bororo. A rufe da ƙyalle mai tsabta. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannu, ko ta taɓa fuska, ko ido, ko yatsu, a kai mai ita likita a ranar.