Horon Malamai: Daga Ɗakin Bita Zuwa Cikin Aji

A shekarar 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 sun faɗi. An sha ce-ce-ku-ce kan korar waɗanda suka faɗi, har ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki. Sai dai a cikin hayaniyar, ba a cika tambayar wa ke ci gaba da koya wa malami sana'arsa bayan an ɗauke shi aiki ba.

Abin da muka saba shi ne bita. A tara malamai a babban ɗaki, a yi musu lacca, a raba alawus, kowa ya kama gabansa. Ranar Litinin malam ya koma gaban allo, aji cike maƙil, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Malaman Japan suna da wata hanya tun ƙarshen ƙarni na 19, wadda ake kira nazarin darasi. Malaman makaranta ɗaya ne za su zauna su tsara darasi guda tare, a ce na lissafin rabawa. Ɗayansu ya shiga aji ya koyar, sauran su tsaya a gefe da takarda a hannu. Idonsu yana kan yara: ina suka rikice, wace tambaya ce ta buɗe musu kai, wane yaro ne ya bi wata hanya daban ya kai ga amsa. In an tashi sai su zauna su tattauna, su gyara, wani lokaci wani ya sake koyar da darasin a wani aji. Sau da yawa akan gayyato malamin jami'a ya yi sharhi a ƙarshe. Da yake darasin na kowa ne, ba wanda ke jin an zo kama shi da laifi, saɓanin yadda gaban malami ke faɗuwa in an ce sufeto ya iso.

Hukumar JICA ta Japan ta kawo wannan tunani Afirka. A Kenya ta fara shirin ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya a 1998, Zambiya ta rungumi nazarin darasi a makarantunta daga 2005. A Najeriya irin wannan shiri mai suna SMASE ya soma a 2006 a jihohin Kaduna, Neja da Filato, inda ake nuna wa malami yadda zai koyar da tsakuwa, kara da murfin kwalba in babu kayan gwaji.

A ganina, raunin irin waɗannan shirye-shirye shi ne horo hawa-hawa: a horar da wasu, su horar da wasu, kafin saƙo ya kai makarantar ƙauye ya zama ruwa-ruwa. Zambiya ta rage wannan matsala da ta mayar da aikin cikin makarantu. Hakan kuwa ba zai yiwu a wajenmu ba sai hedimasta ya ware wa zaman lokaci a jadawalin mako, sannan albashi ya riƙa zuwa a kan kari, don malamin da ke sauri ya tafi acaɓa bayan an tashi ba zai zauna tsara darasi da kowa ba.