Khal Tuffa: Daga Mahaɗin Gurasa Zuwa Maganin Kowace Cuta

A hutun Babbar Sallar da ta gabata na je gida Yelwa, na sauka wajen wani yayana, ɗan baffana, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Ngaski da Shanga kafin ya yi ritaya. Da asuba, bayan mun dawo daga masallaci, sai na ga ya ɗauko wata kwalba daga kan kabad, ya tsiyaya wani ruwa ja-ja a cokali, ya kurɓe shi tsura, ya yamutse fuska. Na tambaye shi ko mene ne. Ya ce, "Khal tuffa ne, Dakta. Watana huɗu ina sha kullum kafin karin kumallo. Yana wanke jini, yana ƙona kitse, yana sauke suga." Na ce, "To Yaya, ina ƙwayoyin hawan jinin da likita ya rubuta maka?" Ya ce, "Na ajiye su tun azumi. Waɗancan na Nasara ne, wannan kuwa ya zo a hadisi."

Daktan da yake kirana da shi na ilimin harshe ne, ban taɓa riƙe allura ba. Amma amsar tasa ta faɗo cikin gonata, domin na lura kalmomi ne suka raba shi da maganinsa tun kafin kwalbar ta shigo gidan. Shi ya sa na ga ya dace in tattauna batun da masu karatu, musamman 'yan'uwana ma'aikata, waɗanda a yau da wuya ka shiga ofis ba ka tarar da mai shan wannan ruwa ba.

Abu na farko shi ne, kwalba ɗaya ce amma sunanta biyu. A shagunan magungunan Musulunci ana kiranta khal tuffa, daga Larabci, sai mai saye ya ji kamar ibada yake yi. A manyan kantunan Kano da Abuja kuwa da sunanta na Turanci ake sayar da ita, da tambarin kamfanoni irin su Bragg na Amurka, sai ɗan boko ya ji ya waye. Larabci ya kama mai kishin addini, Turanci ya kama mai kishin zamani, kuɗin kuma aljihu ɗaya suke faɗawa.

Gaskiya ne akwai hadisi a Sahihu Muslim, daga Jabir ɗan Abdullahi da Nana A'isha, Allah Ya yarda da su, inda Manzon Allah (SAW) ya yabi khal. Sai dai duk ɗalibin Larabci ya san kalmar da aka siffanta shi da ita a hadisin ita ce "idam", wato mahaɗi, abin da ake cin gurasa da shi, kamar yadda miya take ga tuwo. A ruwayar Jabir, Annabi (SAW) ya nemi mahaɗi ne a gidansa, aka ce babu sai khal, ya ci da shi, ya yabe shi. Hadisin bai ambaci tuffa ba, bai ambaci sha da asuba ciki babu komai ba, balle ya ce a ajiye maganin likita. Wanda ya fassara mahaɗi da magani ya ƙara wa nassi abin da babu a cikinsa, kuma malamanmu sun fi kowa sanin nauyin wannan.

To mene ne shi khal ɗin? Ruwan tuffa ne ake matsewa a bar shi ya yi tsami sau biyu. Da fari yis ya mayar da zaƙinsa barasa, daga nan wasu ƙwayoyin halitta su mayar da barasar wani sinadari mai tsami da ake kira asetik asid. Wanda ake sayarwa yawanci kashi 5 cikin ɗari ne na wannan sinadari, kusan duk sauran ruwa ne. Haka ake yin khal na dabino da na inabi da na rake. Abin da ya fifita na tuffa a kasuwar duniya talla ce, kuma tana da tarihi. A 1958 wani likitan jihar Vermont ta Amurka, D. C. Jarvis, ya wallafa littafinsa Folk Medicine, inda ya kambama haɗin khal tuffa da zuma a matsayin maganin cututtuka barkatai. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, kuma yawancin abin da ake turo mana a WhatsApp a yau jikokin wannan littafi ne da aka sa wa rawani.

Adalci ya sa a faɗi abin da bincike ya gano. A 2004 Carol Johnston da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Arizona sun wallafa a mujallar Diabetes Care cewa shan khal kafin abinci mai yawan sitaci yana ɗan rage hauhawar suga bayan cin abincin. Mutum 29 kacal aka gwada. A 2009 an yi wani gwaji a Japan da mutum 175 masu ƙiba, na tsawon mako 12, suka rage kilo ɗaya zuwa biyu. Masu binciken ma'aikatan Mizkan ne, kamfanin da ke sayar da khal, kuma da aka daina sha nauyin ya dawo cikin wata guda. Sai kuma binciken Labanan da ya fito a watan Maris na 2024 a wata mujalla ta rukunin BMJ na Ingila, wanda ya ce matasa 120 sun rage kilo 6 zuwa 8 cikin mako 12. Jaridun duniya suka yi ta yayata shi. A watan Satumba na 2025 mawallafan suka janye shi saboda alƙalumansa ba abin dogaro ba ne. Labarin fitowarsa ya iso Yelwa, labarin janyewar bai iso ba.

Illa kuwa tana nan a rubuce. Tsamin khal yana cin ɓawon haƙori, kuma wanda ya zaizaye ba ya tofowa. Shansa tsura yana iya ƙona maƙogwaro, yana kuma tayar wa mai gyambon ciki da ciwonsa. A 1998 likitoci a Ostiriya sun ba da rahoton wata mata mai shekara 28 da ta yi shekara 6 tana shan kusan kofi guda kullum, aka kwantar da ita da ƙarancin sinadarin fotasiyam a jini da raunin ƙashi. Mai allurar insulin, da mai shan ƙwayoyin sa fitsari da ake ba masu hawan jini, su ne suka fi zama cikin haɗari idan suka haɗa da khal ba da sanin likita ba. Zuma ma da zaƙi da harbi.

Mu koma kan kalmomi. "Wanke jini" da "dattin ciki" da "ƙona kitse" siffofi ne da aka aro daga wanki da girki, suna da daɗin ji, amma ba su da awo. Hanta da ƙoda ke tace jini dare da rana, ba su jiran cokalin kowa. Haka kuma Bahaushe ya saba auna ƙarfin magani da ɗacinsa ko tsaminsa, saboda haka yamutsa fuskar da yayana yake yi ita ce shaidarsa cewa abin yana aiki. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum na iya jin garau har ranar da ɓarin jikinsa zai shanye. Ko lambar NAFDAC da ake nunawa a jikin irin waɗannan kayayyaki, a kula: rajistar da hukumar ke fara yi wa magungunan gargajiya shaida ce ta cewa ba a ga cutarwa ba, ba ta nufin an tabbatar suna warkarwa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne inda hankalinmu ya karkata. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka tashi mutane sama da dubu 40 daga tsibirai da gaɓar Kwara, Gungawa da Kambari da Sarkawa da sauransu suke rayuwa a bakin tafki, tare da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro. Yaron da ke fitsarin jini a ƙauyukan Wara ƙwayar farazikwantel yake bukata da ruwan sha mai tsabta. Mu da muka yi karatu, waɗanda ya kamata mu matsa wa hukuma kan wannan, mun shagala da ruwan tuffar da ba ta fita a ƙasarmu. Ga shi Allah Ya hore wa Yawuri kifi da albasa da shinkafa, ga tsamiya da lemon tsami da zoɓo. Zoɓon ma an gwada shi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010 cewa kofi uku a rana na mako 6 ya ɗan sauke awon jinin mutanen da nasu ya fara hawa. Shi ma taimako ne kawai, ba ya maye gurbin ƙwaya.

Shawarata ga mai sha'awar khal ita ce ya mayar da shi inda hadisi ya ajiye shi, wato cikin abinci. Idan lallai sai ya sha, kada ya wuce cokali ɗaya zuwa biyu a rana, a cikin babban kofin ruwa, tare da abinci, ya kuskure baki bayan nan, kuma ya sanar da likitansa. Ina roƙon malamai masu wa'azi da gidajen rediyonmu su riƙa tantance abin da ake jingina wa Annabi (SAW) da sunan talla.

Shi kuwa yayana, da ƙyar na lallashe shi muka je asibiti bayan Sallah. Ma'aikaciyar jinya ta auna shi sau biyu, ta dube shi ta ce, "Baba, yau ba za ka tafi ba sai ka ga likita." Ya koma kan ƙwayoyinsa, waɗanda daga baya ya gaya mini kuɗinsu na wata bai kai na kwalbar ba. Kwalbar kuma ta koma madafa, inda uwargidansa ke yayyafa ta a kan yankakkiyar albasa idan an soya kifi. Lafiya uwar jiki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu dace, amin.