Kiwon Jatan Lande da Ƙananan Kifi a Gida: Abin da Ɗan Kasuwa Ya Kamata Ya Sani

Masu sayar da kifin ado kan haɗa jatan lande na ruwan daɗi da ƙananan kifi a cikin akwatin gilashi guda, domin jatan landen na cinye gansakuka da ragowar abinci. Sai dai wanda ya yi haɗin ba da sani ba yakan wayi gari jarinsa ya zama abincin kifi, ya kuma rasa amincewar mai saye.

Ƙa'idar ita ce, kifi na haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa. Jan jatan lande da ake kira Cherry, wanda aka fara kiwonsa a Taiwan, tsawonsa bai wuce santimita 4 ba, kuma macen kan ɗauki ƙwai 20 zuwa 30. Ƙananan kifi irin su Neon Tetra da Guppy ba su cika taɓa manyan ba, amma sukan cinye 'ya'yan. Saboda haka wajibi ne a cika akwatin da tsire-tsiren ruwa inda za su ɓuya, musamman bayan sun yi saɓa, lokacin da jikinsu ke da taushi.

Ruwa shi ne babban jari. Sinadarin kulorin na ruwan famfo da kuma jan ƙarfe da ke cikin wasu magungunan kifi suna kashe jatan lande. Sabon akwati na bukatar mako huɗu zuwa shida matatarsa na aiki kafin a zuba su. Zafin da ya haura digiri 30 na rage iskar da ke cikin ruwa, kuma ɗaukewar wutar lantarki na tsayar da matata, don haka tanadin batir na cikin kuɗin kafa sana'ar.

Nijeriya na da nata hajar. Ana samun babban jatan lande mai suna Atya gabonensis a kogunan Neja da Binuwai. Yakan kai santimita 15, ba ya farautar kifi, yana tace abincinsa ne daga ruwa mai gudu. To amma hayayyafa shi a akwati na da wuya ƙwarai, shi ya sa daga kogi ake kamo wanda ake sayarwa. Ɗorewar wannan ciniki ta dogara ne ga tsabtar kogunan da kuma kamu daidai gwargwado.